Yadda Ake Sauke Tsohon Haƙƙi: Jagora Ga Wanda Ya Yi Ɗauke-ɗauke Ko Ɓarna A Ƙuruciya

A shekarar 1994 ina ɗan shekara goma sha biyu, muna zaune a Tudun Wadar Zariya. Akwai wani dattijo mai tireda a bakin layinmu, kowa Baba yake ce masa. Da an kira la'asar sai ya ɗauki butarsa ya ce, "Kai ɗan gidan Malam, zo ka duba mini," ya tsallaka masallaci. Canjinsa a cikin wani tsohon gwangwani yake, a ƙarƙashin kanta. Ranar farko naira biyar na zara. Da na ji shiru sai na koma. Kafin damina ta fita na kwashi abin da ya kai naira ɗari da ashirin, ban da gwangwanin madara biyu da na ɓula da ƙusa na shanye a bayan katanga. Da Baba ya lura ciniki ba ya cika, ko kallon inda nake bai yi ba. Almajirin da ke yi masa shara da ɗiban ruwa ya tuhuma. Yaron ya yi ta rantsuwa har muryarsa ta dishe, aka kore shi, ina tsaye ina kallo.

Shekara ashirin da bakwai na yi da wannan abu a cikina kafin na tashi na je. Abin da ke ƙasa shi ne abin da na koya a hanya, wani daga bakin malamai, wani daga tuntuɓen da na yi da kaina.

Tun farko a gane abu ɗaya. Yawancinmu in tsohon laifi ya dame mu, so muke mu samu wanda za mu faɗa wa don ƙirji ya yi sanyi. Wannan kanka kake yi wa hidima. Aikin da ke gabanka shi ne kayan mutane su koma hannun masu su. Faɗar baki hanya ce kawai, wani wurin ma ba a buƙatarta.

Fara da takarda da biro

Zauna kai kaɗai ka rubuta. Me ka ɗauka ko ka lalata, na wane ne, a wace unguwa, wajen wace shekara, kuma nawa ne a iya tunawarka. Kada ka rubuta "ƙananan abubuwa". Rubuta tattabaru huɗu, gilashin taga uku da ka fasa da gwafa, rake daga fadamar bakin kogin Galma, kuɗin asusun Inna da ka zaƙulo da tsinke. In kana shakka tsakanin adadi biyu, ɗauki babban. A gefe ɗaya kuma ka rubuta tambayar da ni na daɗe ina guje mata: wa aka zarga, wa aka doka, wa aka kora saboda abin da na yi?

Bayan nan ka raba takardar gida biyu. Abin da ke tsakaninka da Allah kaɗai, wanda babu dukiya ko mutuncin kowa a ciki, wannan tuba ake yi a rufe baki. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa dukkan al'umma ana yi mata afuwa ban da masu bayyana saɓonsu, wato wanda Allah Ya rufa masa asiri da dare, gari ya waye ya tona kansa. Saboda haka ba kowane abu ne ake zuwa a amayar ba, kuma hawa Facebook ka zayyana ɓarnar da ka yi don a ce maka "Allah sarki, ka burge ni" ba tuba ba ne. Gida na biyu, mai haƙƙin mutane, shi ne aikinmu a nan. Malamai sun ce tuba na da sharaɗi uku: nadama, dainawa, da ƙudurin ba za a koma ba. In akwai haƙƙin wani sai a ƙara na huɗu, mayar masa da abinsa ko neman ya yafe.

"Ai yaro ne ni a lokacin"

Da wannan na lallashi kaina shekara da shekaru. Gaskiya ne an ɗauke alƙalami daga kan yaro har ya balaga, hadisi ne sananne. Amma zunubi daban, ramuwa daban. A fiƙihu, yaro in ya lalata dukiyar wani ana biya daga dukiyarsa, in ba shi da ita abin na nan a wuyansa har ya samu. Ƙuruciya dangin hauka ce, ba musu, sai dai akuyar da aka sace ba ta dawo garke don wanda ya kwance ta bai balaga ba. Ni kuwa ban ma da tabbacin ko a lokacin na balaga ko ban balaga ba, wanda na sani shi ne ina jira sai Baba ya ta da kabbara kafin in sa hannu. Wanda ya san wannan dabara ya san abin da yake yi.

Maƙwabtanmu Kirista na Wusasa da Sabon Gari su ma suna da wannan a littafinsu. A Luka sura ta 19, Zakka mai karɓar haraji da ya tuba cewa ya yi duk wanda ya zalunta zai mayar masa riɓi huɗu. Ko ta ina ka ɓullo, mayarwa ce a gaba.

Nawa za ka biya?

Nan ne wurin da ya fi cin lokaci, kuma nan ne son zuciya ke shigowa da rawani.

In abin yana nan a hannunka, agogo ne ko littafi ko tukunya, shi kansa za ka mayar. In ya salwanta, a duba irinsa. Abin da ake aunawa da mudu ko sikeli, kamar masara, gishiri ko man gyaɗa, irinsa ake biya daidai adadinsa. Mudu biyar na dawa ka ɗiba a 1990, mudu biyar za ka auno a yau, ko nawa ake sayar da shi. Wannan da sauƙi, haka na yi da madarar nan. Abin da ba shi da tamka sak, kamar keke, akuya ko tattabara, ƙimarsa ake biya.

Tsabar kuɗi ce ke da rikici, saboda nairar da ka ɗauka ba ita ce ta yau ba. A 1994 gwamnati ta kafe dala a kan naira 22 a hukumance. A 2024 ta haura naira 1,500. Lokacin da na yi tawa satar, babbar takarda a ƙasar nan ita ce naira hamsin, don naira ɗari sai a 1999 ta fito, dubu ɗaya kuwa sai 2005. Wanda ya yi tasa kafin Janairun 1973 ma fam da sule ya ɗauka, kuɗin da aka daina kashewa gaba ɗaya. Malamai sun yi saɓani a kan irin wannan. Da yawa sun ce adadin da ke kanka shi za ka biya. Wasu, har da wasu daga cikin Malikawa na baya, sun ce in darajar kuɗi ta faɗi faɗuwa mai muni to ƙima za a duba. Ka kai wa malamin da ka amince da iliminsa lissafinka ya duba maka. Amma ra'ayina ba na ɓoye shi: ka miƙa wa magadan mutum naira ɗari da ashirin a yau, kuɗin da ba su kai na hawa Keke Napep daga Ƙofar Doka zuwa Kwangila ba, ka ce ka sauke nauyi, wannan wasa da hankali ne. Ba rance ya ba ka ba, ɗauka ka yi.

Dabarar da na bi ita ce ta hatsi. Na samu wani tsohon ɗan kasuwa da ya daɗe yana auna masara, na tambaye shi wajen mudu nawa wannan kuɗi zai saya a wancan zamani. Ya yi shiru, ya ƙirga da yatsu, ya faɗa mini. Na tambayi wani na biyu, na ɗauki mafi yawa a cikin amsoshin, na buga da farashin ranar, na ɗora wani abu a kai. Ba lissafin banki ba ne, amma zuciya ta fi kwanciya da shi.

In kuɗin ya fi ƙarfinka, kada ka ce sai ka tara duka. Rubuta shi a matsayin bashi, ka sa hannu, ka sanar da mutum ɗaya amintacce inda takardar take, ko da ta Allah za ta kasance. Sannan ka fara biya kaɗan-kaɗan.

Neman mai haƙƙi

A cikin birni abin bai cika wuya ba. Gidajen Kwarbai, Anguwan Juma, Limancin Kona da Ƙaura ba sa tashi. Ka ambaci sunan gida, yaro ma zai kai ka har zaure. Tudun Wada da Gyallesu sai ka haɗa da mai unguwa, liman, da tsofaffin da ke zaman majalisa bayan magariba. In ɗan kasuwa ne, je layin da yake zama ka nemi wanda ya fi kowa daɗewa, ko ka bi ta wurin sarkin kasuwa. Sabon Gari da Samaru su ne masu wahala. Sabon Gari tun zuwan jirgin ƙasa garin baƙi ne, Samaru kuma tun da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962 ma'aikata ke zuwa suna yin ritaya suna komawa garuruwansu. Wanda kuka tsallaka wa shinge kuka kakkaɓe wa mangwaro da gwaiba a kwatas, wataƙila yana Ilori ko Makurɗi yanzu. Nan sai an bi ta tsofaffin abokan aiki, coci ko masallacin da yake zuwa, ko 'ya'yansa da kuka yi makaranta tare.

Ba sai ka gaya wa masu nuna maka hanya dalili ba. "Akwai saƙonsa a hannuna" ya isa, kuma ba ƙarya ka yi ba.

Ni da na je a 2021, Baba ya riga mu gidan gaskiya da shekaru. To a nan a kula: kuɗin ya zama gado. Ba na ɗan da ka fara cin karo da shi ba ne, na dukkan magada ne, kowa da rabonsa, har da matar mamaci da 'ya'ya mata da ke gidajen aure. Ka miƙa shi ga babban gida a gaban shaida, ka faɗa a fili cewa na marigayi ne a raba. In wani magajin shi ma ya rasu, rabonsa na 'ya'yansa ne.

In ka yi nema na gaskiya, ba na rana ɗaya ba, ka rasa shi ka rasa magadansa, sai ka yi sadaka da kuɗin da niyyar ladan nasa ne, ba naka ba. In daga baya ya ɓullo, ka gaya masa, ya zaɓa: ko ya amince da sadakar ko ka biya shi. Amma kada sadaka ta zama mafakar kunya. Mutum yana Tudun Jukun, ka san ƙofar gidansa, ka je ka zuba kuɗinsa a akwatin masallaci, ba ka biya ba.

Da suna ko a ɓoye?

Abin da ke wajibi shi ne haƙƙi ya isa. In faɗin sunanka zai ta da fitina, ya raba zumunci ko ya kashe aure, ka aika a ɓoye. Ba wa liman ko wani dattijo ambulan ya kai, ya ce, "Wani bawan Allah ne ya ce haƙƙinku ne da ke kansa tun da daɗewa, yana neman gafara." In ta waya za ka tura, ka tuna sunanka zai fito a alat, sai ka bi ta wurin mai POS. Kuma ka haɗa da saƙo, don mutumin kirki in ya ga kuɗin da bai san tushensu ba ba zai taɓa ba, zai yi ta cigiyar mai su. Kada kuma ka ba da shi da sunan kyauta ko goron Sallah har a yi ta sa maka albarka ana ganin karamcinka. Wasu malamai sun sauƙaƙa a kan haka in babu wata hanya, amma ni ina jin nauyin in ci godiya a kan kayan mai kaya.

Wuri ɗaya ne ɓoyewa ba ta wadatarwa: inda aka ɗora wa wani laifinka. Ambulan ba ya wanke sunan mutum. Sai baki.

Ga kuma wata al'ada da muka ɗauka. Azumi ya ƙarato ko za a tafi Makka, sai a tura wa kowa "mu yafi juna". Abu ne mai kyau ga saɓanin yau da gobe. Amma wanda ka kwashe wa kuɗi bai sani ba, ya amsa maka da "Allah Ya yafe mana baki ɗaya", ni dai ban iya kwana a kan wannan ba.

Ranar zuwa

Zaɓi lokacin da mutum yake a natse. Ba ranar biki ba, ba zaman makoki ba, ba kuma tsakiyar kasuwa ba. Wannan na ƙarshen da gaske nake: kalmar "ɓarawo" in ta tashi a cikin taro ba mai tsayawa ya ji cewa zancen shekara talatin ne. Gida za ka je, bayan la'asar ko da hantsi. Ka tafi da dattijo ɗaya in kana jin ƙafarka za ta yi sanyi, amma kada ka ɗebi tawaga, don taron manya tilasta wa mutum yafiya yake yi. Mace in wurin namijin da ba muharraminta ba za ta, ta tafi da yayanta ko ta bi ta hannun matar gidan.

Ka yi sallama, ka tuɓe takalmi, ka zauna a ƙasa. A gama gaisuwa tsaf. Sannan ka ajiye ambulan a gabansa kafin ka buɗe bakin neman gafara. Dalili kuwa, mu mutane ne masu kunya. In ka fara da "ka yafe mini", zai ce ya yafe tun bai ji nawa ba ne, alhali wataƙila yana da buƙata. Abin da aka samu da takobin kunya ba halal ba ne.

Ga yadda na faɗa wa babban ɗan Baba, wanda ya girme ni nesa ba kusa ba:

"Yaya, wata magana ce mai nauyi ta kawo ni. Lokacin da Baba ke bar mini tireda in ya tafi salla, na riƙa ɗaukar masa kuɗi. Na yi lissafi, ga abin da ya kama a kuɗin yau. Na magada ne. Kuma yaron nan da aka kora, bai ɗauki komai ba. Ni ne."

Daga nan ka yi shiru. Kada ka kawo dalili, kada ka ce yunwa ce ko abokai ne suka zuga ka, kada ka ce "ka san ƙuruciya". Bar shi shi ya faɗi haka in ya ga dama. Kada ka ambaci sunan waɗanda kuka yi tare, kasonka za ka biya, ko ka biya duka in kana da hali, su kuma ka same su a keɓe. In ya ce ka bar kuɗin, ka roƙe shi sau biyu ya karɓa. In ya dage kuma shi kaɗai ne mai haƙƙin, to ya halatta maka. In gado ne, ba shi da ikon yafe rabon sauran.

Ba kullum ake rabuwa da dariya ba. Wani zai zage ka, wani ya tashi ya shige gida. Haƙƙinsa ne. Ka bar kuɗin a hannun shaida, ka ba shi lokaci, ka sake komawa. In kuma ya ga banza ta faɗi ya yanka maka abin da ya wuce hankali, kada ku yi ciniki, ku sa liman ko mai unguwa ya tsaida abin da ya dace.

Iyaye su ne mafi sauƙi, kuma su muke bari sai ƙarshe har lokaci ya ƙure. Da na gaya wa mahaifiyata zancen asusunta, dariya ta yi har da riƙe ciki, ta ce, "Kai a ganinka ban sani ba? Wa ke barin tsinke a bakin asusu?" Ta karɓi atamfar da na kawo, kuɗin kuma ta ce in ba jikokinta.

Kayan jama'a da abin da ya shafi hukuma

Bencin makaranta da ka karya, famfon unguwa da ka cire wa kai, littafin da ka fita da shi a ƙarƙashin riga daga ɗakin karatu na Kashim Ibrahim da ke Jami'ar Ahmadu Bello ko ka yage masa shafi ana gobe jarrabawa: waɗannan a mayar da su inda suka fito. Sayi abin da kanka ka kai, ko ka kira kafinta ya gyara ka biya shi. Ka sanar da hedimasta ko shugaban wurin, a rubuta an karɓa. Tsabar kuɗi a hannun mutum ɗaya ba tare da rasit ba, kana iya sauke naka nauyin ka ɗora wa wani sabo.

Ta fuskar doka, kundin hukunta laifuka na Arewa da ake kira Final Kod, wanda ya fara aiki a 1960, ya ce abin da yaro ɗan ƙasa da shekara bakwai ya yi ba laifi ba ne, haka ɗan bakwai zuwa sha biyu da bai kai fahimtar abin da yake aikatawa ba. Satar mangwaro ta shekara talatin kuwa ba wanda zai kai ka caji ofis a kanta. Amma in abin babba ne, gobara ce ka haddasa, ko an ji wa wani mummunan rauni, ko kuɗin wurin aiki ne masu yawa ka ɗiba da girmanka, to ka ga lauya kafin ka buɗe baki ko ka sa hannu a wata takarda. Wanda ba shi da hali ya nemi hukumar gwamnati mai ba marasa ƙarfi lauya kyauta. Wannan ba gudun haƙƙi ba ne, tsara yadda za a biya ne ba tare da an jefa iyali cikin wani bala'in ba.

Wanda aka zarga

Da na gama magana a zauren nan, Yaya ya daɗe bai ce komai ba. Can ya shiga ciki ya fito da mahaifiyarsu, ta tsufa ƙwarai, tana dogara sanda. Ya maimaita mata. Ba ta ko kalli ambulan ɗin ba. Cewa ta yi, "Allah sarki, yaron nan. Har ƙofar ɗakina ya zo yana kuka, ya ce Inna wallahi ba ni ba ne. Na ce masa tafi can."

Matakin nan ba shi da lissafin mudu. Abin da za ka iya shi ne ka wanke shi a gaban duk waɗanda suka ji zargin, gwargwadon waɗanda suka rage. Na bi gidaje huɗu a layin na faɗa, na kuma gaya wa limamin masallacin. Sannan ka neme shi shi kansa, ka faɗa masa, ka nemi gafararsa, ka rama masa abin da ya rasa in ana iya ƙiyastawa. Shi wannan yaro abincin rana da na dare ya rasa a gidan, da ɗan abin da Baba ke ba shi ran Juma'a.

Sunansa na farko kawai aka tuna. Malaminsu ya tashi da makarantar tun tuni, aka ce wajen Soba ya koma. Na je Maigana, hedikwatar ƙaramar hukumar Soba, sau biyu, na zauna da masu shayi da direbobin tasha, na samu wanda ya san malamin amma ya ce ya rasu, almajiran sun watse. Ya dai kwatanta mini wani ƙauye da ya ce akwai mai gyaran keke da ya yi karatu a wurin a waɗannan shekaru. Hanyar ba ta biyuwa da damina. Ambulan ɗinsa na nan a cikin akwatina da sunansa a baya, matata ta san inda yake, kuma da an ɗauke ruwa zan koma.